Sunan Wa Ke Bayan Cokalin?

Tsohon cokalin azurfa na Amurka, irin wanda aka ƙera wajen 1845, ba shi da wani nauyi a hannu. Siriri ne ƙwarai, har mutum yana iya lanƙwasa shi da yatsu in ya ga dama. Masu tara irin waɗannan kaya ba sa ɓata lokaci a kan fuskarsa. Kifa shi suke yi, su kai gilashin ƙara girma bayan mariƙin. A nan, a ɗan filin da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, yawanci akwai suna a cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, haruffansa sun taso. Kusa da shi akwai ƙananan zane uku a jere, wataƙila mikiya da kan mutum da harafi guda, ko zaki da tauraro. Wani lokaci da kalma ɗaya tilo, COIN. A gaban mariƙin kuma an sassaƙa wasu haruffa masu lanƙwasa da hannu. Kowanne daga cikin waɗannan tambayarsa dabam: wa ya sayar, wa ya ƙera, wane irin ƙarfe ne, kayan wa ne. Ruɗanin yana farawa ne daga ranar da aka tattara su duka aka laƙaba musu suna ɗaya.

Sunan da aka fi laƙaba musu a kasuwar gwanjo shi ne hallmark, kuma aro ne daga Ingila wanda bai zauna wa Amurka daidai ba. Kalmar tana nufin hatimin zaure, zauren kuwa shi ne Goldsmiths' Hall na ƙungiyar maƙeran zinariya a Landan, inda tun 1478 ake kai kayan azurfa a gwada su kafin su shiga kasuwa. Dokar ma ta girmi zauren gwajin. A 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya umarci a riƙa buga kan damisa a jikin azurfar da ta cika mizani, wato kashi 925 cikin 1000. A 1363 aka tilasta wa kowane maƙeri buga nasa hatimin, a 1544 aka ƙara zaki mai tafiya, ga kuma harafin da ke nuna shekara. Abin da ya ba wannan tsari daraja shi ne wanda ya buga damisar ba shi da ko anini a cinikin. Bai ƙera ba, ba zai sayar ba, kankarar ƙarfen kawai ya yi ya gwada. In da Hausa za a raba su, ni zan kira tasa shaida, in kira na maƙeri hatimi, in bar tambari ga manyan kamfanonin da suka zo daga baya.

Amurka ba ta taɓa kafa irin wannan ofishin gwaji na ƙasa ba, ko a zamanin mulkin Ingila ko bayansa. Gari ɗaya ne ya gwada, Baltimore, daga 1814 zuwa 1830. Jihar Maryland ta naɗa mai gwaji, aka sa mizani a oza 11 cikin 12, wato kusan kashi 917, ana buga garkuwar gari da kan mace mai wakiltar 'yanci da harafin shekara. Maƙeran garin ba su so ba, don kuɗin gwajin daga aljihunsu yake fita, kuma mizanin ya ɗara na abokan gasarsu a wasu garuruwa. Da aka janye tilas ɗin, sai suka koma buga lamba da kansu. Shi ya sa ake ganin 11 OZ ko 10.15 a kayan maƙerin garin, Samuel Kirk. Lamba ta biyu tana rikita mutane, wasu su ɗauka farashi ne, wasu kwanan wata. Lissafin awo ne: oza 10 da ƙananan awo 15 cikin 20 na oza ta gaba, wanda ya kama kusan kashi 896. In ban da waɗannan shekaru goma sha shida na Baltimore, duk abin da ke jikin tsohuwar azurfar Amurka faɗar mai kaya ce a kan kayansa.

To, a ce an bar hallmark an koma wa maker's mark, hatimin wanda ya ƙera. A ƙarni na 17 da na 18 wannan suna ya fi kusa da gaskiya. John Hull da Robert Sanderson, waɗanda suka buɗe gidan buga kuɗi a Boston a 1652, sukan buga hatimansu kafaɗa da kafaɗa, IH da RS. Harafin I a madadin J ba kuskure ba ne, rubutun lokacin ne bai raba su ba, don haka duk John da Jacob da Joseph na wancan zamani a ƙarƙashin I ake nemansu. John Coney, shi ma ɗan Boston, ya yi wasa da sunansa: coney tsohuwar kalma ce ta zomo, sai ya sa ɗan zomo a ƙarƙashin IC mai kambi. A shagon Coney ɗin ne wani yaro Bafaranshe mai suna Apollos Rivoire ya koyi sana'a, daga baya ya sauƙaƙa sunansa ya koma Paul Revere don bakin mutanen gari ya iya faɗa. Ɗansa, wanda ya gaji sunan, shi ne mutumin da tarihin juyin Amurka ya ɗaukaka. Da uban ya rasu a 1754, ɗan ya ci gaba da amfani da wasu daga cikin ƙarafan hatimin da ya bari, don haka ganin suna kaɗai ba ya raba aikin uba da na ɗa. Sai an haɗa da siffar abin da tarihin gidan da ya fito.

Ko a wancan lokacin, sunan na mai shago ne. A bayansa akwai yaran da ke koyo na shekara bakwai, da ƙwararrun da ake biya lada, da masu sassaƙa zane, da bayi. A Charleston, Alexander Petrie ya mallaki wani bawa maƙerin azurfa mai suna Abraham. Da Petrie ya mutu a 1768 aka sayar da Abraham ga wani maƙerin, Jonathan Sarrazin. Buta nawa ta fita daga hannun Abraham da AP a gindinta, sannan nawa da sunan sabon ubangidansa? Hatimi ba ya amsa wannan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa 'yan kayan Peter Bentzon suke da matsayi na musamman a gidajen tarihi. Shi baƙar fata ne ɗa, ba bawa ba, ya yi aiki a Philadelphia da tsibirin Saint Croix a farkon ƙarni na 19, kuma P. BENTZON da ke jikin butar shayinsa sunan kansa ne. Ingila kanta daga baya ta amsa cewa kalmar maker ta yi alkawarin da ba ta cikawa. A dokarta ta 1973 ta koma cewa sponsor's mark, hatimin wanda ya gabatar da kaya ya tsaya musu.

Ƙarni na 19 ne ya raba suna da hannu gaba ɗaya. A 1826 William Gale na New York ya yi rajistar wata dabara ta matse cokali tsakanin ƙarafa masu juyawa, zanen ya fito a ciki da baya a lokaci guda. Harajin shigo da kaya na 1842 ya ɗora kashi 30 cikin 100 a kan azurfar waje, masana'antun gida suka samu sarari. A farkon shekarun 1850 John Gorham na Providence ya kawo injin bugu mai aiki da tururi daga Ingila. Maƙerin ƙaramin gari a Ohio ko Georgia ba zai iya gasa da wannan ba, kuma bai wahalar da kansa ba. Ya ci gaba da kiran kansa maƙerin azurfa a tallan jarida, yana gyaran agogo, yana sayar da tabarau da zobba, amma cokulan sari yake yi dozin-dozin daga New York ko Philadelphia ko Albany. In sun iso sai ya ɗauko ƙarfen hatiminsa da guduma ya buga sunansa. Littattafan farko da suka tattara hatimai, irin na Stephen Ensko da ya fara fitowa a 1927, sun jera ɗimbin irin waɗannan sunaye a sahun maƙera, kuma an ɗauki shekaru ana warware zaren.

A nan ne waɗancan ƙananan zane uku suke shigowa. Masu tara kaya suna kiransu pseudo-hallmarks, wato shaidar bogi, kuma akwai dalili. Zaki da kan mutum da harafi a jere sun yi kama da na Landan sosai, mai saye da ya saba jin cewa azurfar Ingila ce ta ƙwarai zai ji hankalinsa ya kwanta. Amma sunan ya rufe rabin aikinsu. Da yawa daga cikinsu tambarin masana'antar da ta ƙera ne, an yi shi ba tare da suna ba da gangan, don kada ya yi kishiya da sunan mai kanti. 'Yan kasuwa sun san na wane ne, mai saye bai sani ba, kowa ya samu abin da yake so. Aikin John McGrew da ya fito a 2004 ya bi waɗannan jeri ɗaya bayan ɗaya yana danganta su da masana'antu da garuruwa. Dabarar mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi: in jeri ɗaya na mikiya da harafi da kai ya bayyana kusa da sunayen kantuna ashirin a jihohi takwas, to, ba kantunan ne suka ƙera ba. Abin da ake kira bogi shi ne ya fi kusa da gaya maka inda aka yi aikin, sunan da aka rubuta ɓaro-ɓaro kuwa yana gaya maka inda aka biya kuɗi.

Ido ma yana taimakawa. Hatimin da aka buga tun a masana'anta ya sha goga tare da cokalin, gefensa ya yi laushi. Wanda aka ƙara daga baya sau da yawa yakan fi kaifi, ko ya ɗan karkace daga layin sauran, ko ya hau kan wani hatimin har a ga ƙafar tsohon harafi tana leƙowa daga ƙarƙashi. A siririn cokali, bugun yakan bar ɗan tudu a ɗaya fuskar.

Maganar ba ta ilimi kaɗai ba ce, akwai kuɗi a ciki. Azurfa mai sunan kanti na jihohin kudu tana tsada fiye da takwararta ta arewa, saboda ba ta da yawa kuma masu nemanta suna da kishin yankinsu. Amma kaso mai yawa na abin da ake kira azurfar kudu a arewa aka ƙera shi. Kantin Hyde & Goodrich na New Orleans ya sayar da kayan da ya saro daga arewa, ya kuma sayar da waɗanda wani Bajamushe, Adolphe Himmel, ya ƙera masa a cikin garin. Harafin H ƙarami da ake gani tare da sunan kantin shi ne na Himmel. Kofi biyu masu suna ɗaya, ɗaya ɗan gari, ɗaya baƙo, harafi guda ne tsakaninsu.

Wasu marubuta suna magana a kan hatimin mai kanti kamar wata 'yar yaudara ce da aka yi wa mutanen da. Ban yarda ba. A ƙasar da babu mai gwaji, matar da ta sayi cokula shida a Lexington ba ta da hanyar kai ƙara New York in sun yi baƙi ko sun karye. Wanda take iya riƙe wa riga shi ne mutumin da ke bakin titi, wanda suke haɗuwa a coci ranar Lahadi. Sunansa a bayan cokalin lamuni ne: ni na sayar miki, in da matsala ki dawo. Bai ce shi ya ƙera ba, mu ne muka zo bayan shekara ɗari muka karanta sunan kamar sa hannun mai zane a gindin hoto. Manyan kantuna ma haka suka yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bailey na Philadelphia ya sayar da aikin George Sharp da na Taylor & Lawrie. Ball, Black & Co. na New York ya dogara da irin su John Wendt.

Tiffany ne misalin da ya fi daɗin karantawa, don gindin kayansa kamar takardar rasit yake. Kamfanin ya fara a 1837 a matsayin kantin takardu da kayan ƙawa, bai da maƙera ko ɗaya. A 1851 ya ƙulla yarjejeniya da shagon John C. Moore ya riƙa yi masa butoci da kwanuka shi kaɗai. Ɗauki butar shekarun 1860 ka kifa: TIFFANY & CO. a sama, lambar zane, lambar oda, ENGLISH STERLING 925-1000, adireshin 550 BROADWAY, sai harafin M a gefe. M ɗin nan shi ne Moore, mai ƙira. Wasu kuma G&W ne a wurin, wato Grosjean & Woodward. A 1868 Tiffany ya haɗiye shagon Moore, kanti da maƙera suka zama gida ɗaya, amma harafin bai tafi ba, ma'anarsa ce ta sauya. Ya koma nuna wanda ke jagoranci: M har zuwa rasuwar Edward Moore, ɗan John C. Moore, a 1891, T na Charles Tiffany zuwa 1902, C na Charles Cook zuwa 1907, sai ƙaramin m na wani Moore ɗin har 1947. Harafin da ya fara da nufin maƙeri ya ƙare a matsayin kalanda.

Gorham kuwa tambarinsa ya sha jefa mutane rami. Zaki ne, da anka ta jirgin ruwa, da harafin G. A Ingila, anka shaidar ofishin gwaji na Birmingham ce tun 1773, zaki shaidar mizani, harafi kuma shekara. Sai ka ga an tallata kwanon Providence a matsayin na Birmingham, har an ba shi shekara daga G ɗin. Anka dai alamar jihar Rhode Island ce, inda Providence take, G sunan kamfani ne, kuma a tambarin da aka fi sani zakin Gorham dama yake fuskanta, na Ingila hagu. Shekarar Gorham a wani wuri take: haruffa A zuwa Q daga 1868 zuwa 1884, daga nan ƙananan hotuna har 1933.

Saura kalmomin da ke magana a kan ƙarfen kansa. COIN, PURE COIN, DOLLAR, STANDARD, PREMIUM, ko C ko D kawai, duk iƙirari ɗaya suke yi: wannan azurfa ta kai ta kuɗin da ke aljihunka. Kuɗin Amurka ya fara da kusan kashi 892 a dokar 1792, aka mayar da shi 900 a 1837. Kafin a gano ma'adinin Comstock a Nevada a 1859, ƙasar ba ta da azurfar kirki a ƙasa, don haka tsabar kuɗi da tsofaffin kwanuka ake narkawa, musamman dalar Sifaniya da aka buga a Meksiko, wadda ta ci gaba da zama halastaccen kuɗi a Amurka har 1857. Maƙeran fari na ƙasar Hausa sun san wannan hanya sarai, don liyari, dalar Maria Theresa ta Ostiriya da ta ƙetaro Sahara, ita suka riƙa narkawa su yi mundaye da zobba. Sai dai kalmar COIN ba ta rantse cewa wannan cokalin daga narkakken kuɗi ya fito ba. Mizani take faɗa, kuma babu wanda ya auna. A yau 'yan kasuwa sun faɗaɗa ta, suna kiran kusan duk azurfar Amurka ta kafin yaƙin basasa coin silver, ko da kalmar ba ta jikinta.

STERLING ta kori COIN a hankali. Tiffany ya rungumi mizanin 925 a farkon shekarun 1850, Gorham ya bi a 1868, sauran suka biyo. Don haka kalmar a jikin kayan Amurka tana ba da ɗan haske kan zamani: yawanci rabi na biyu na ƙarni na 19 ne ko bayansa. Tsohon kayan Ingila kuwa yawanci ba ya ɗauke da ita, zakinsa ya ishe shi.

Daga nan sai kalmomin da aka ƙirƙira don kunne. German silver da nickel silver babu ƙwayar azurfa a cikinsu, gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Haka Alaska silver da Brazil silver da Nevada silver: in aka jingina azurfa da sunan wuri, a yi hattara. EPNS na nufin an yi wa wancan gaurayen ruwan azurfa da lantarki. A1 da QUADRUPLE PLATE suna yabon kaurin ruwan ne, ba ƙarfen ciki ba. Wanda ya fi kowa cin mutane shi ne 1847 ROGERS BROS. Iyalai da yawa sun ajiye akwatin cokula suna cewa na kakan kaka ne tun 1847. Shekarar tana cikin tambarin ne kawai, tana tuna lokacin da 'yan'uwan Rogers suka fara sayar da kayan ruwan azurfa a Hartford. Kamfanin Meriden Britannia ya ɗauki sunan a 1862, International Silver ya gaje shi a 1898, aka ci gaba da buga shi a ƙarni na 20 gaba ɗaya. Liyari ma haka yake, 1780 ce a jikinsa ko yaushe aka buga shi.

Haruffan gaban mariƙi, su na mai kaya ne, kuma sabon shiga yakan ɗauke su a matsayin na maƙeri. A tsofaffin kaya na ƙarni na 18 akan jera uku kamar murhu, ɗaya a sama biyu a ƙasa: na sama sunan gida, na ƙasa miji da mata. Idan aka dace da rajistar aure, waɗannan ukun sukan ba da shekara fiye da duk wani hatimi. Dillalan da ke goge su don kayan su yi saurin fita suna rage wa ƙarfen kauri, suna kuma share hanya ɗaya da ta rage ta gano gidan.

Majalisar Amurka ba ta sa baki a matakin ƙasa ba sai 1906, da dokar buga alama a kan zinariya da azurfa. Ko ita ba ta kafa mai gwaji ba, ba ta kuma tilasta wa kowa buga komai ba. Cewa ta yi in ka rubuta STERLING ko COIN, to, ƙarfen ya kai, in bai kai ba ka yi laifi. Aka zauna fiye da shekara hamsin ana iya buga kalmar inganci ba tare da sunan kowa a kusa da ita ba. Gyaran 1961 ne ya toshe wannan ƙofa: duk wanda ya buga kalmar, sai ya buga sunansa ko tambarinsa mai rajista a gefenta. Dokar ba ta tambayi wa ya riƙe guduma ba, wanda za a kama take nema.